Zancen Iyali: Yaron da Ya Cika Tambaya

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san wannan abu. Yaro in ya kai ajin ƙarshe na sakandare sai a sa shi karatun falsafa, wato ilmin bin diddigin tunani, har ya gamu da ita a jarrabawar bak. A nan Nijeriya ba a saba ware mata darasi ba, amma tambayoyinta sukan shigo ta taga. Yaro ya zo hutu, ana cikin cin tuwo, sai ya ce, "Baba, in Allah nagari ne, daga ina mugunta ta fito?" Nan take uba ya ajiye loma, ya ce boko ya lalata yaro.

Tsoron nan ba na banza ba ne. Manzo Bulus da kansa ya gargaɗi Kolosiyawa kada wani ya ruɗe su da ilmin yaudara. Amma ai Bulus ɗin nan ne ya tsaya a Tudun Arasa a Atina, ya yi muhawara da masanan Helenawa, har ya kafa hujja da maganar mawaƙansu. Bai toshe kunne ba.

Ku dubi Agustin, mutumin Afirka ta Arewa, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da ake kira Aljeriya yau. Yana ɗan saurayi ya karanta littafin wani Baroma mai suna Sisero, sai ƙishin hikima ya kama shi. Tambayar mugunta ɗin nan ta hana shi sakat. Wata ƙungiya, Manikiyawa, ta yi masa alkawarin amsa, ya bi su wajen shekara tara, mahaifiyarsa Monika tana ta kuka da addu'a. Sai da ya ji wa'azin Ambros, bishop na Milan, mutum mai zurfin karatu, kafin ya juyo. An yi masa baftisma a 387. Shekara tara fa, 'yan'uwa!

Saboda haka mu a aji ba mu kan fara da sunayen Helenawa ba. Mukan jefa tambaya guda: ka tsinci kuɗi a kasuwa, ba mai ganinka, me zai sa ka nemi mai su? Dokarmu ɗaya ce. Kafin ka musa wa abokinka, sai ka maimaita abin da ya faɗa har ya yarda ka fahimce shi. Masu baki sukan sha wuya nan. Yarinyar da ba ta cika magana ba, sau da yawa ita ce ke kawo dalilin da ya fi ƙarfi.