Wa ke duba hanyar da saƙon Sabon Birni ke bi?

Ranar 12 ga Nuwamba, 2018, injiniyoyin kamfanin MainOne da ke Legas suna cikin gyaran na'urori, sai ɗaya daga cikin na'urorin ta sanar wa China Telecom cewa duk mai neman Google ya biyo ta nan. China Telecom ba ta yi tambaya ba, ta karɓa ta miƙa wa na gaba. Sama da awa ɗaya saƙonnin da ya kamata su isa Google suna yawo ta China da Rasha, wasu suna ɓacewa a hanya. MainOne ya fito ya ce kuskure ne, aka gyara.

Mai POS a kasuwar Sabon Birni zai ce ina ruwansa da wannan. Yana kuwa da ruwa da tsaki a ciki. Tunda 'yan bindiga suka mayar da tafiya Sakkwato abin fargaba, kuɗin da ɗa ke turo wa mahaifiyarsa daga Legas ta waya yake isowa, ta ƙaramar na'urar nan kuma ake cire shi. Mutanen Isa da Sabon Birni sun ɗanɗana rashin sabis a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato. Wancan an san wanda ya ba da umarni. Irin na MainOne ba ya zuwa da sanarwa: sandunan sabis cike a fuskar waya, na'ura ta yi ta juyi, mai cire kuɗi na tsaye yana zargin mai shago.

Intanet tarin kamfanoni ne, dubun dubata, kowanne da lambarsa da adireshin da ke hannunsa. Ta wata ƙa'ida da ake kira BGP suke gaya wa juna hanya, kuma tun asali a kan yarda aka gina ta. Kamar tasha ce da kowane ɗan kamasho zai iya kiran "Sakkwato! Sakkwato!" fasinja su cika mota, ko da direban Shinkafi ya nufa, in dai ba mai riƙe da littafin layi. A 2008 kamfanin sadarwar Pakistan ya so toshe YouTube a cikin gida, sanarwar ta tsallake iyaka, duniya ta rasa shafin kusan awa biyu.

Littafin kuwa akwai shi. Kowane kamfani na iya shiga rajistar hanyoyin intanet ya rubuta adireshin da ya mallaka da sunayen abokan cinikin da ya yarda ya yi magana a madadinsu. A nahiyarmu, AFRINIC da ke Mauritius ce ke raba adireshi, tana kuma riƙe da irin wannan rajista. A wuraren da kamfanoni ke haɗuwa su yi musayar saƙo, irin IXPN da aka kafa a 2006 wadda ke da reshe a Kano, ana ajiye uwar garken hanyoyi. Ba ta ɗaukar saƙon kowa. Aikinta ta karɓi sanarwa daga kowane memba ta rarraba wa saura, don kada sai kowa ya ƙulla da kowa. Idan an saita ta yadda ya kamata, tana ɗauko abin da ke rajista a kai a kai, ta gwada shi da kowace sanarwa. Wadda ta dace ta wuce, wadda ba ta dace ba a yar. Sabon tsarin RPKI ya ƙara sa hannu na lissafi da ke tabbatar da mai adireshin.

Kada a zuzuta uwar garken nan fiye da ƙima. Kuskuren MainOne ta hannun China Telecom ya fita, wato da ita ce ta duba rajista da abin ya tsaya a bakin ƙofa. RPKI ma da bai kama shi ba, domin sunan Google na nan a matsayin mai adireshin, hanyar ce ta karkace. Rajistar kanta tana da tsofaffin bayanan da masu su suka manta da su, ita kuma AFRINIC shari'a ta dabaibaye ta har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023.

Duk da haka aikin ba tsada gare shi ba, kulawa yake so. Hukumar NCC na sa ido kan farashin data da haɗa layi da lambar NIN, har ta sa a toshe layin talaka in bai haɗa ba. Ya kamata ta nemi irin wannan daga manya: duk kamfanin da ke riƙe da lasisi ya yi rajistar hanyoyinsa, ya sa musu hannu, ya tace sanarwar abokan cinikinsa, ya kuma nuna shaida lokacin sabunta lasisi. Bankuna da kamfanonin POS su ma su riƙa tambayar masu ba su intanet kafin su sa hannu a kwangila.