Sharhi: Idan Takardar Haraji Ta Zo Ƙofarka



Dattawanmu ba su manta da zamanin haraji da jangali ba, lokacin da magidanci kan bar garinsu ya tafi ci-rani don kada a shanya shi a rana a ƙofar dagaci. Shi ya sa talakawa suka yi murna a 1979 da Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. An soke harajin, amma tsoron yana nan. Har gobe tela ko mai shago idan ya ga takarda daga ofishin haraji, sai ya cusa ta ƙarƙashin tabarma, yana fatan a manta da shi.

To, yanzu wannan dabarar ba ta da amfani. A ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji huɗu, suka fara aiki gadan-gadan ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS, lambar NIN ta mutum kuma ta zama lambarsa ta haraji. Wanda duk yake da NIN da asusun banki, gano shi ba wuya.

Ga inda mutane da yawa suke ruɗewa. Doka ta ce naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Jin haka sai wasu suka ɗauka ba ruwansu da hukuma. A'a. An yafe maka biya ne, ba a yafe maka bayyana abin da ka samu ba. Ana cike fom na bayyana samun kafin 31 ga Maris na kowace shekara, a hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da kake zaune, kamar KIRS a Kano. Wanda ya ƙi, tararsa naira 100,000 a watan farko, sannan 50,000 duk watan da ya biyo baya. Ku duba fa, mutumin da ba a binsa ko sisi zai iya jawo wa kansa bashi saboda shiru kawai.

Kuma shirun yana da wata illa. Idan ba ka faɗi samunka ba, jami'i yana da ikon ƙiyasta maka, alhali shi bai san cewa kuɗin da suka ratsa asusunka akwai na adashi a ciki, akwai aiken ɗan'uwa daga Saudiyya, akwai uwar kuɗin kaya da za ka mayar wa uban ɗakinka a Kantin Kwari ba. Kai kaɗai ka sani, kuma magana da baki ba ta wadatarwa. Littafin ciniki, ko da na makaranta ne, da rasit, da shaidar biyan haya, su ne za su tsaya maka. Kuɗin hayar ma akwai rangwame a kansa: kashi 20 cikin 100, iyakarsa naira 500,000. Idan aka yanka maka abin da ba ka yarda da shi ba, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi. In suka wuce, ƙiyasin ya hau kanka.

Su ma hukumomi akwai hakki a wuyansu. Ba adalci ba ne a ci tarar mutum a kan takardar da aka rubuta da harshen da ba ya karantawa. A fassara fom ɗin zuwa Hausa, a buɗe teburin taimako a kasuwanni, a kawar da 'yan tsakiya masu karɓar na goro su bar mutum ba rasit.

Mai sauraro, idan takardar nan tana ɗakinka, ɗauko ta yau, ka duba kwanan watan da ke jiki, ka haɗa littafinka da rasit ɗinka, ka je ofis da ƙafarka. Kada kuma ka biya ko kwabo a hannun kowa, sai ta banki.