Samari da Hidimar Ɗakin Littattafai

Bismillahi. Bayan haka, a shekarar 2012, sa'ad da mayaƙa suka mamaye birnin Tambutu, Malam Abdulƙadir Haidara ya tara samari, suka zuba tsofaffin littattafan rubutun hannu cikin akwatunan ƙarfe, suka yi ta kwashe su a ɓoye, ta mota da kwalekwale, har Bamako. Watan Janairun 2013 bai ƙare ba aka cinna wuta a Cibiyar Ahmad Baba, littattafai wajen 4,000 suka salwanta. Na hannun samarin nan kuwa suka tsira.

A ƙasar Hausa magabtan littafi su ne gara da ƙura da yoyon damina, ɓarnarsu kuwa ba ta da amo. Saboda haka ya kamata malami ya saki almajirinsa ran Alhamis, attajiri ya saki yaron shagonsa rabin wuni, su tafi ɗakin karatu na jama'a, kamar na Murtala Muhammad a Kano, su kakkaɓe littattafai, su jera su, su karanta wa ƙanana da makafi, domin Allah. Yaron da ya yi wa littafi hidima, ba zai bar na kakansa ga gara ba.

Allah ya sa a farga. Wassalam.