Ɗalibin Ilmin Akanta da Lissafin Kuɗin Ruwa: Ina Matsayinsa a Shari'a?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Wasiƙar da za mu duba a wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai sayar da yadi a Kano. Ɗansa yana shekara ta biyu a jami'a, inda yake karanta ilmin akanta, watau ilmin rubuta kuɗi da ƙididdige su, tare da darussan gudanar da kasuwanci. Da yaron ya zo hutu, sai Alhaji ya tarar da shi yana ta fama da wani aikin gida na lissafin kuɗin ruwa. Wani maƙwabcinsa a kasuwa kuma ya gaya masa cewa wannan karatu haramun ne, domin an la'anci mai rubuta kuɗin ruwa. Shi ne yake tambaya: ya cire yaron ne, ko kuwa ya bar shi ya ƙare?

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ba ka yanke hukunci kafin ka tambaya ba. Hadisin da maƙwabcinka ya ambata ingantacce ne. Imamu Muslim ya ruwaito shi daga Jabir, Allah ya yarda da shi, kuma la'anar da ke cikinsa ta haɗa mai cin kuɗin ruwa da mai bayarwa da marubucin da shaidun biyu. Amma fa a lura, marubucin da ake nufi shi ne wanda ya zauna tsakanin mutum biyu ya rubuta musu yarjejeniyar, ya zama da hannunsa aka ƙulla ta. Ɗalibin da aka ce ya lissafa abin da bashin naira 100,000 zai zama bayan shekara uku, idan ana ɗora masa ruwa kashi 10 cikin ɗari kowace shekara, bai ba kowa rance ba, bai karɓi ko kwabo ba. Zai rubuta 110,000, sa'an nan 121,000, sa'an nan 133,100, ya ga da idonsa yadda ruwa yake haifar ruwa har ya shaƙe mai bashi. Sahabi Huzaifa ɗan Yamani ya shahara da tambayar Manzon Allah game da sharri, don gudun kada ya riske shi. Wanda bai san kamannin kuɗin ruwa ba, yaya zai gane shi ranar da aka canza masa suna aka miƙo masa takarda ya sa hannu? Saboda haka koyon lissafin halal ne, ƙulla cinikin shi ne haramun.

Sa'an nan ina so jama'a su san cewa rubuta dukiya ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani mai girma, watau ta 282 a Suratul Baƙara, magana take yi a kan rubuta bashi, da adalcin marubuci, da kafa shaidu, ko bashin ƙarami ne ko babba. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, shi ya kafa diwani, watau littafin da ake rubuta sunayen masu rabo daga baitulmali. Malam Alkhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, ya ba da babban sashe na littafinsa na aljabara ga mas'alolin gado da wasiyya. Tsarin nan kuwa na rubuta kowane ciniki a gefe biyu, wanda ake fara koya wa ɗalibai tun shekarar farko, wani ɗan ƙasar Italiya mai suna Luca Pacioli ne ya bayyana shi a littafin da aka buga a birnin Venice a 1494, bisa abin da fataken can suka daɗe suna yi. Dabara ce ta gano kuskure da ha'inci, kuma hikima kayan mumini ce a duk inda ya tsince ta.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya shafi rumfarka, Alhaji, watau zakka. A mazhabarmu ta Malikiyya ɗan kasuwa iri biyu ne. Akwai muhtakir, mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta tashi, wanda ba ya fitar da zakkar kayan sai ya sayar, sa'an nan ya fitar ta shekara ɗaya. Akwai mudir, mai juya kaya kullum, irin masu yadi da masu kayan masarufi. Shi mudir wajibi ne ya sa wa kansa wata guda a shekara, ya yi wa kayansa ƙima, ya haɗa da tsabar kuɗin da ke hannunsa da basussukan da yake sa ran za a biya shi. Misali, kaya na naira miliyan 30, tsabar kuɗi miliyan 10, bashin da yake bin mutane miliyan 6, jimla miliyan 46. Idan ana binsa miliyan 6, kuma ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadin bashin, sai ya cire, saura miliyan 40. Zakkarsa rubu'in ushuri ce, watau kashi biyu da rabi cikin ɗari, naira miliyan 1 ke nan, muddin dukiyar ta kai nisabi, wanda shi ne dinari 20, kimanin giram 85 na zinariya. To, attajirin da lissafinsa duk a ka yake, ta yaya zai san wannan adadi? Da yawa cikinmu kintace muke yi, haƙƙin talaka yana maƙale a cikin dila ba mu sani ba.

A nan ne kuma ɗalibi zai gane cewa karatun jami'a shi kaɗai bai wadatar ba. A aji za a koya masa ya rubuta kayan sayarwa a kan kuɗin da aka sayo su, ko abin da za a samu in an sayar, wanda duk ya fi ƙanƙanta. A zakka kuwa farashin kasuwa na ranar ƙimar ake dubawa. A aji zai jera mota da kanta da ma'auni cikin kadarori, alhali kuwa kayan aiki ba su shiga zakka. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci hukuncin addini ba yin ciniki a kasuwar Musulmi. Saboda haka ɗanka ya riƙe littafin jami'a a hannu ɗaya, ya riƙe babin zakka da babin ciniki na Risala a ɗaya hannun, ya durƙusa gaban malami ya karanta su.

Saura maganar aiki bayan an gama. Wanda aikinsa shi ne ƙulla rance da ruwa da rubuta takardunsa, wannan ya shiga ƙarƙashin hadisin, babu kewaye-kewaye. Wanda yake riƙe da littattafan kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, ko yake binciken su a matsayin odita, amma ruwan banki yakan gifta a ciki, malamai sun yi saɓani a kansa, kuma nisantar abin da zuciya ba ta natsu da shi ba ya fi. Alhamdu lillahi, ƙofofi sun buɗe. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJBank ya biyo a 2019, Lotus kuma a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017, don aikin hanyoyi. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman ta nazarin banki da harkar kuɗi bisa tsarin Musulunci. Duk waɗannan wurare akantoci suke nema, masu sanin lissafi da sanin halal da haram. In muka janye 'ya'yanmu daga wannan fanni, su wa za su zauna a kujerun?

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, musamman na ofisoshin kuɗi, ku tuna da ƙissar Ibnul Lutbiyya da Buhari da Muslim suka kawo. Manzon Allah ya aike shi karɓar zakka, da ya komo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna, babu mai kai masa wannan kyauta. Alƙalamin da ya rubuta rasit na ƙarya, ko ya ƙara sifiri a takardar biya, zai yi shaida a kan mai shi ranar hisabi. Ɗalibin da ya saba da satar amsa ko sayen aikin da aka ba shi, ya riga ya fara koyon ha'incin tun kafin a damƙa masa ma'aji. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sa'ad da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, siffa biyu ya gabatar: tsare amana da sanin aiki. Jami'a tana iya ba da ta biyu, ta farkon kuwa daga gida da gaban malamai ake samo ta.

Amsarka ke nan, Alhaji. Ka bar yaro ya ƙare karatunsa, ka kyautata masa niyya. In ya sake zuwa hutu, ka zaunar da shi a rumfa, ka buɗe masa lissafinka, ya rubuta wanda kake bi da wanda yake binka, ya fitar maka da zakkar bana daidai. Gidaje nawa muka gani dukiyarsu ta watse, zumunci ya lalace a gaban alƙali, don maigida ya rasu da lissafinsa a cikin kansa?

Allah shi ne mafi sani. Allah ya tsare mu daga haram, ya sa albarka a cikin nemanmu da zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.