Ƙwaya Ɗaya a Rana, Shekara Biyar: Abin da Maza Masu Sankarar Mama Ba Sa Faɗa wa Likita

A cikin kowane mutum ɗari da aka gano suna ɗauke da sankarar mama, ɗaya ne namiji, ko ma ƙasa da haka, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta. A Amurka kaɗai ana samun maza kimanin 2,800 da wannan cuta a kowace shekara. Mutane da dama, har da masu digiri, kan yi dariya idan suka fara jin zancen, wai ina namiji ya ga mama balle ta yi ciwo. Yana da ita. A bayan kan nonon kowane namiji akwai 'yar tsoka da 'yan hanyoyi irin na mace, sai dai ba su girma ba, kuma sankara tana iya kama su.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan tiyata. An cire ƙarin, wataƙila an yi kemo, an yi gashi da na'ura, rauni ya warke, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa. Sai likita ya miƙo wata 'yar ƙwaya mai suna tamoksifen, miligiram 20, ya ce a sha ɗaya kullum har shekara biyar, wani ma har goma. Daga nan ne maza da yawa suke shiga wata jinya ta biyu wadda ba mai zuwa gaishe su a kanta, domin ba wanda ya san suna yin ta.

Dalilin ba da ƙwayar a fili yake. Kusan tara cikin goma na sankarar mama a jikin maza suna girma ne da sinadarin isturojin, wanda aka fi sani da sinadarin mata. Namiji ma yana da nasa: mafi yawansa jiki ne ke sarrafa shi daga testosteron, musamman a cikin kitse, sauran kuma daga 'ya'yan maraina yake fitowa kai tsaye. A jikin ƙwayar cutar akwai wani abu kamar kwaɗo, isturojin kuwa shi ne makullin da ke buɗe shi cutar ta hayayyafa. Tamoksifen yana shiga bakin kwaɗon ya zauna, bai buɗe ba, bai kuma bar makullin gaskiya ya shiga ba. A cikin mata, manyan gwaje-gwajen da aka haɗa sakamakonsu a jami'ar Oxford sun nuna cewa shan sa shekara biyar yana rage mace-macen wannan cuta da kusan kashi ɗaya cikin uku a tsawon shekara goma sha biyar. Magani kaɗan ne a duniyar sankara ke da irin wannan tarihi, ga shi kuma da sauƙin kuɗi.

Sai dai kalmar “a cikin mata” tana da nauyi a nan. A 1962 wata masaniyar haɗa magunguna, Dora Richardson, ta fara haɗa tamoksifen a kamfanin ICI da ke Ingila, a lokacin ana neman maganin hana haihuwa ne. Bai yi wannan aiki ba, aka juya shi ga sankara, Birtaniya ta amince da shi a 1973, Amurka a 1977. Tun daga nan manyan gwaje-gwajensa a kan mata aka yi su, maza kuwa sau da yawa ƙa'idar shiga gwajin ce ma take hana su. Sai a 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da jagora tana neman kamfanoni su riƙa sa maza a gwajin magungunan sankarar mama. Kusan rabin ƙarni ke nan ana ba maza magani bisa ma'aunin da aka gwada a jikin wasu.

Ɗan abin da aka rubuta game da mazan kansu ya isa ya tayar da hankali. A 1994 likitocin asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York sun bibiyi maza 24 masu shan tamoksifen, suka tarar fiye da rabinsu sun sami matsala, wadda ta fi yawa kuma ita ce raguwar sha'awa. A 2012 cibiyar MD Anderson da ke Houston ta duba bayanan maza 64: kashi 53 cikin ɗari sun sami matsala aƙalla ɗaya, ƙiba da matsalar saduwa da iyali su ne a kan gaba. A duka binciken biyu, kusan ɗaya cikin biyar ya daina shan maganin saboda wahalarsa. Mai karatu ya lura da ƙanƙantar adadin, 24 da 64, a kan cutar da ake nazarin dubban mata a gwaji guda. Ya kuma lura cewa waɗannan suna daga cikin manyan asibitocin sankara na duniya, a ƙasar da majinyaci bai cika jin nauyin yi wa likita zancen shimfiɗa ba. Idan a can ɗaya cikin biyar ya ajiye ƙwayar, sai a kwatanta da dattijon da zai zauna gaban likita mace sa'ar 'yarsa, ɗalibai biyar na tsaye a kansa, layi kuma ya miƙe har waje.

Matsalolin ba ɓoyayyu ba ne. Akwai zafin da ke tasowa farat ɗaya daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙe riga ko da cikin sanyin hunturu, irin wanda mata ke fama da shi lokacin ɗaukewar al'ada. Da dare ya hana barci, gari ya waye mutum a gajiye. Akwai tumbi da ke fitowa ba tare da an ƙara cin abinci ba. Akwai saurin fushi, da baƙin ciki marar dalili, da mantuwa. Amma wadda ta fi sa maza jefar da kwalin ita ce ta ɗaki: sha'awa ta dushe, ko gaba ya yi rauni, ko duka biyun.

Dole a duba wannan a cikin halin da mutumin ya riga ya shiga. Ya kamu da cutar da kowa ke kira ta mata. Ya zauna a ɗakin jira shi kaɗai namiji, ana zaton matarsa ya rako. Takardar da ke cikin kwalin maganin tana yi masa bayani a kan al'ada da mahaifa da juna biyu. Ƙirjinsa ɓari guda babu kan nono, sai tabo. Richard Roundtree, ɗan wasan Amurka da ya yi suna a fim ɗin Shaft a matsayin namijin duniya, ya kamu da cutar a 1993, ya yi shekaru bai faɗa a fili ba. Mathew Knowles, mahaifin mawaƙiya Beyoncé, da ya bayyana tasa a 2019 sai ya nemi a riƙa ce mata sankarar ƙirji, don ya san sunan kaɗai yana korar maza daga asibiti. Mutumin da ke cikin wannan hali, a ce kuma ƙwayar da yake sha ta taɓa abin da yake ganin shi ne ragowar shaidar mazantakarsa, ba abin mamaki ba ne ya yanke hukunci shi kaɗai, ya ci gaba da ce wa likita yana sha.

A wurinmu abin yana da ƙarin ƙulli. An tarbiyyantar da namiji a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mai mata biyu ko uku yana da rabon kwana a wuyansa, kuma shirunsa ba ya zama shiru: wannan ta ce ya gaji da ita, waccan ta ce an yi masa asiri. Hanya mafi kusa kuma ba ta asibiti ba ce, ta mai maganin maza ce, ko ta kemis ɗin da zai yi masa allurar ƙarin ƙarfi ba tare da tambaya ba. Nan ne garin neman gira ake rasa ido. Testosteron ɗin da aka zuba masa jiki zai mayar da wani ɓangarensa isturojin, wato abincin cutar da ake yaƙi da ita. Jagorar da ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka ta fitar a 2020 kan wannan cuta a jikin maza ta faɗa ƙarara cewa kada su yi amfani da shi. Haɗe-haɗen kwalba kuwa ba mai iya cewa ga abin da ke ciki.

Wasu likitoci suna da uzurin da bai kamata a yi watsi da shi ba. Suna ganin idan ka lissafa wa namiji waɗannan matsaloli tun ranar farko, ba zai ma fara sha ba, kuma wanda aka tsorata yakan ji ciwon da babu. Akwai gaskiya a ciki. Amma ban gamsu ba. Wanda ba a gargaɗa ba zai gano da kansa, a lokacin kuwa ya daina yarda da likitan. Gargaɗi na gaskiya kuma ya haɗa da labari mai daɗi: kusan rabin mazan da aka duba a Houston ba su sami wata matsala ba. Sannan yawancin masu wannan cuta sun haura shekara sittin, da yawa suna da ciwon suga ko hawan jini, sun sha kemo, suna cikin fargaba. Kowanne daga cikin waɗannan yana iya raunana gaba. Mutum zai iya ajiye ƙwayar ya buɗe wa sankara ƙofa, matsalar ɗakin kuma tana nan inda take.

Madadin ma ba mai sauƙi ba ne. Magunguna irin su anastrozol da letrozol, waɗanda ake ba matan da al'adarsu ta ɗauke, ba sa wadatar da namiji su kaɗai, domin 'ya'yan maraina za su ci gaba da aikinsu. Sai an haɗa da allurar da ke dakatar da su baki ɗaya, wadda bugunta a kan sha'awa da ƙashi ya fi na tamoksifen. Shi ya sa gyara zama da tamoksifen ya fi gudu daga gare shi, kuma akwai abin gyarawa. Venlafaksin yana rage zafin da gumin. Sildenafil yana iya taimaka wa gaba idan likita ya tabbatar mutum ba ya shan magungunan ciwon zuciya da ke karo da shi. Akwai magungunan da ke rage ƙarfin tamoksifen, kamar paroksetin da fuluoksetin na ciwon damuwa, da rifamfisin na tarin fuka, don haka kowane likita da mutum zai gani ya san yana shan sa. Azumi ba hujjar dainawa ba ne, tun da sau ɗaya ake sha, ana iya mayar da shi bayan buɗa baki. Duk wannan ba ya yiwuwa sai an yi magana, kuma a ganina nauyin buɗe zancen yana kan likita: ya sallami ɗalibai, ya tambaya kai tsaye yaya iyali, yaya barci, ya kuma nemi a zo da maiɗaki ko sau ɗaya ta ji daga bakinsa cewa magani ne, ba ƙiyayya ba.

Matsala guda ce ba a jiran ranar ganin likita a kanta. Tamoksifen yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙa suka, ko gani ya sauya, ko wani ɓarin jiki ya mutu, asibiti za a nufa a wannan sa'ar. Mai shirin doguwar tafiya a zaune, kamar jirgin Hajji ko Umara, da wanda za a yi wa wata tiyata, su sanar da likitansu tun da sauran lokaci.