Haƙoran Yaranmu: Tsakanin Leza Da Injin Huda

Duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai ciwon haƙori ya san abin ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta. To, ina hanyar da ta fi dacewa da yaran Ɗansoshiya da ƙauyukan Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa?

Hanyar da aka saba ita ce likita ya sa injin huda ya kankare ruɓar, sannan ya cike ramin. Ƙarar injin da allurar kashe zafi su ne ke firgita yara. Ita kuwa na'urar leza, wadda Amurka ta amince a yi aikin ramin haƙori da ita a 1997, haske take harbawa, ruwan da ke cikin ruɓar ya yi zafi ya tarwatsa ta. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2016 a kan gwaje-gwaje tara ya nuna alamun cewa ba ta kai injin zafi ba, amma bai sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ta fi shi kawar da ruɓa ba. Ga ta da tsada, ga bukatar lantarki tsayayye da ƙwararren mai gyara.

A ra'ayinmu, kashe dukiyar jama'a wajen sayen leza yanzu kuskure ne, alhali yaron karkara sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga likitan haƙori. Akwai hanya ta uku da aka fara a Tanzaniya wajen tsakiyar shekarun 1980: a kwashe ruɓar da ƙananan kayan hannu, a cike ramin da wani irin siminti mai sakin sinadarin fuloraid. Ba ta bukatar lantarki, kuma a 2021 Hukumar ta sanya wannan siminti cikin jerin muhimman magunguna.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ƙananan hukumomin huɗu su haɗa kai da Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero, a horar da ma'aikata, a riƙa zagaya makarantun firamare kowane zango. Iyaye kuma su rage wa yara alawa da lemon kwalba, su dage da asuwaki da man goge baki mai fuloraid. Rigakafi dai ya fi magani.