Wane Irin Balarabe Jaridun Yamma Ke Yabo?

Ruwa ba ya tsami banza. Duk Balaraben da kafofin watsa labarai na Amurka da Ingila suka naɗa wa rawanin "masani", to a bincika abin da yake faɗi game da Falasɗinu.

A dubi marigayi Fu'ad Ajami, haifaffen Lebanon, malami a Jami'ar Johns Hopkins. Shekara da shekaru gidan talabijin na CBS yana baje masa tabarma, shi kuwa yana ɗora wa Larabawa laifin masifarsu, yana sassauta wa Isra'ila. A 2002 Mataimakin Shugaban Amurka, Dick Cheney, ya kafa hujja da shi cewa mutanen Bagadaza da Basra za su tarbi sojan Amurka da murna. Duniya ta ga jinin da ya kwarara bayan mamayar 2003. Duk da haka, Shugaba Bush ya rataya masa lambar girma a 2006.

Shi kuwa Edward Said, ɗan Birnin Ƙudus, malami a Jami'ar Columbia, da ya tsaya kan haƙƙin mutanensa, sai mujallar Commentary ta laƙaba masa "Farfesan Ta'addanci" a 1989.

Ashe ma'aunin ba ilimi ba ne, biyayya ce ga aƙidar Sahayoniya. Saboda haka wajibi ne mai karatu ya yi hattara: kafin ya karɓi maganar "masani", ya tambayi wanda ya miƙa masa lasifika.